Daron da Ke Bayan Baba Amuzu

Tsikope, bakin teku
9 ga Yuli, 1978

Zuwa ga Yayana Agbeko,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da matarka da yara, da kujerar ofishin nan da ta mantar da kai hanyar gida. Mu nan lafiya lau, sai abin da zan gaya maka. Direban motar da ke kai bandar kifinmu Kumasi na ba wannan takarda hannu da hannu, kada ka buɗe ta a gaban kowa.

Ruwa ya yi sanyi, kifin titus ya shigo. Ranar Alhamis da aka zuba taru sai da mutanen ƙauye biyu suka kama igiya kafin ya fito gaɓa, har yau murhun bandata bai huce ba. Mijina Seto yana cikin jirgi kamar kullum, a can gaba. Su goma sha ɗaya ne, abokinka Dogbe ke riƙe da wutsiyar jirgin. Kowa murna yake yi, ni kaɗai ce nake cin tuwo ba na jin ɗanɗanonsa.

Yaya, Baba ba ya gani.

Wata uku da suka wuce na miƙa masa kofin ruwa, sai na ga ya kai hannu gefe. Yanar ido ta rufe na dama gaba ɗaya, na hagun kuma haske da duhu kawai yake rarrabewa. Ka tuna aikinsa, ko biro ya goge maka? Idan jirgi ya zaga ya zuba taru ya juyo da igiya ta biyu, ba ya shigowa sai Baba ya ɗaga farin ƙyalle daga kan tudun yashi. Na cikin jirgi a bayan raƙuman ruwa suke, ba sa ganin inda suke fashewa. Shi ne ke kallo har manyan su wuce, teku ta ja numfashi, sannan ya ɗaga su tuƙo. In ya ɗaga a kan kuskure, ruwa ya kife jirgin a kan mutane.

Na ce masa, "Baba, mu gaya wa Dogbe."

Ya ce, "Ki gaya masa me? Cewa Amuzu ya tashi aiki? Kakana ya riƙe ƙyallen nan, ubana ya riƙe. Ranar da aka ji, gidan Kpodo za a kai shi, ni kuma a ajiye ni gindin kwakwa ina korar ƙuda. Ai ina jin tekun da kunnena."

Na ce, "Baba, kunne abin da ya riga ya fashe yake ji, ba abin da ke tahowa ba."

Ya ce bakina irin na uwata ne. Sannan ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa a garin nan ba. Kai ba a garin nan kake ba.

Ga abin da nake yi. Mace ba ta riƙe ƙyalle, wannan na sani. Amma ba a hana mace tsayawa da daro a ka tana jiran kifi ba. Ina tsayawa a bayan kafaɗarsa, ni ke kallon ruwan, kamar yadda nake yi tun ina yarinya a gefensa, lokacin da kai kake ɓuya da littafi. In na ga lafawa sai in sauke daron in dungurar da shi ƙasa, ya ji ƙarar, ya ɗaga ƙyalle. Daga ni sai shi muka sani, ko Seto ban gaya wa ba.

Yau kwana goma sha biyu ke nan. Tsoro nake ji, Yaya, irin wanda ban taɓa ji ba. Rai goma sha ɗaya a kan idona, ɗaya kuma na uban 'ya'yana ne. Ka zo gida. Kai ne ɗa namiji, kai kaɗai ne za ka karɓi ƙyallen a gaban dattawa ka ce Baba ya huta, sannan ka ba da aronsa ga wanda ya iya. Ta haka bai bar gidanmu ba, ba wanda ya ji kunya. Aikin yini guda ne.

Ka gai da mutanen gida. Na saka maka titus ashirin a kwandon.

Ni ce ƙanwarka,
Esinam

*

Kumasi
14 ga Yuli, 1978

Zuwa ga ƙanwata Esinam,

Bayan gaisuwa irin ta 'yan'uwa, ina sanar da ke cewa takardarki ta iso, tare da kifi, mun gode ƙwarai. Ina fata Baba da maigidanki da yara suna cikin ƙoshin lafiya.

Na karanta bayaninki da natsuwa, kuma ya taɓa ni. Sai dai ya kamata a bi al'amarin da tsari.

Na farko, yanar ido ba abin kunya ba ce. Ana cire ta a asibiti, na bincika, kuma zan shirya kawo Baba nan da zarar kakar kifi ta wuce.

Na biyu, maganar zuwana. Shugabanmu yana hutu, ni ke riƙe da ofis, ba zan samu izini ba sai farkon Satumba. Ki yi haƙuri, abin ba a hannuna yake ba.

Na uku, shawarata ita ce ki sami Dogbe a keɓe ki gaya masa gaskiya. Rantsuwar da aka sa mutum dole ba ta ɗaure shi. Idan ƙyalle ya koma gidan Kpodo, to ya koma. Ƙyalle dai yadi ne, ana sayar da irinsa a kowace kasuwa.

A ƙarshe, ina ganin tsoro ya sa kin ƙara wa abin gishiri. Tun muna yara kin fi ni sanin ruwa nesa ba kusa ba. Dabarar da ta yi aiki kwana goma sha biyu ban ga abin da zai hana ta kai ku Satumba ba.

Ki miƙa gaisuwata ga Baba cikin girmamawa. Allah ya tsare ku.

Yayanki,
K. Agbeko Amuzu

*

Tsikope
29 ga Yuli, 1978

Yaya Agbeko,

Ina gaishe ka, ina gai da iyali. Na sami takardarka mai na farko da na biyu da na uku, sai ka ce sanarwar gwamnati. Na karanta ta sau biyu ko zan ga yayana a ciki.

Ka ce ƙyalle yadi ne. To zo ka faɗa wa Baba haka da bakinka. Jiya da safe na same shi yana wanke shi da kansa, yana laluben inda datti yake da yatsa. Ka ce in gaya wa Dogbe. Sau biyu ina zuwa ƙofar gidansa ina juyowa. Mutumin da ya ɗauke ni a kafaɗa ya nuna mini teku, shi zan je in tona a tsakiyar kaka? Ba zan iya ba, ka kira shi rashin hankali in kana so.

Bari ka ji abin da ya faru ranar Litinin. Na kwana uku a kan murhu, hayaƙi ya cinye mini ido, ina tsaye bayan Baba hawaye na zuba. Na ga manya huɗu sun wuce, na ɗauka shi ke nan, na kai hannu zan sauke daro. Sai na ga ruwa ya yi baƙi can baya, ashe akwai na biyar, ya ma fi sauran. Hannuna yana kan daron, Yaya. Saura ƙiris.

Baba ya ce, "Me ya same ki kike numfashi kamar wadda aka koro?"

Na ce, "Ba komai."

Ya ce, "Ƙarya kike yi. In za ki ji tsoro ki ji shi a gida, kada ki kawo mini shi bayan kunne."

Abin haushin, gari duk yabonsa ake yi. Masu jan igiya har sun sa sunansa a waƙa. Seto ya dawo yana dariya yana cewa, "Tsohon nan naku bana ya ƙara kaifi, ko wani magani kike dafa masa ne?" Na ce ya ci abincinsa ya bar ni. Ka san shi, ba ya ɗaukar komai da zafi. Ranar kasuwar Denu ma sai ga shi da sabon daro, fari fat, mai ƙyalli, wai tsohon daron ya yi baƙi yana ba shi kunya a gaban abokai. Na ce, "Shekara tara da aure ba ka taɓa sayo mini ko ludayi ba, yau me ka yi?" Ya ce, "Ke dai riƙa fita da shi." Ina fita da shi, ƙararsa ma ta fi ta tsohon.

Kowace safiya ina bin bayan Seto da ido yana tura jirgi. Ina so in ce kada ya shiga, to in ya tambaye ni dalili in ce me?

Wani abin kuma, teku tana cin tudun da muke tsayawa. Bana ta yanke kusan taki uku, bakin ya zama gangare. Na ce wa Baba mu ja baya, ya ce a nan ubansa ya tsaya.

Satumba ta yi nisa. Ka roƙi ko wane ne ake roƙo. Ba don Baba ba, ba don ni ba, don mutanen da ke cikin jirgin nan.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Esinam

*

Tsikope
11 ga Agusta, 1978

Yaya,

Ina gaishe ka. Ka yi haƙuri da rubutun.

Jirgi ya kife jiya da hantsi. An fito da goma. Ba a ga Seto ba.

Zan faɗa maka yadda aka yi daki-daki, ko kai za ka gane abin da na kasa ganewa. Teku ta tashi da fushi tun safe, amma an hango titus ya yi baƙi a kan ruwa, ba wanda ya yarda a zauna. Suka fita lafiya, suka zuba taru, suka juyo da igiya suka tsaya a bayan raƙuman suna jira. Ina bayan Baba ina kallo. Na farko ya wuce, na biyu yana tasowa, ga wasu a bayansa. Ko kusa lokaci bai yi ba.

Sai Baba ya matsa gaba taki ɗaya, ban san dalili ba, ina jin so yake ya ji ruwan sosai. Yashi ya zabtare a ƙarƙashin ƙafarsa, ya tafi zai gangara. Na yar da daro na cafke shi ta bayan riga, muka zube tare. Ƙyallen yana dunƙule a hannunsa, a ƙasa, har ya danne shi da gwiwa. Na rantse da Allah bai ɗaga ba.

Da na ɗago kai sai na ga suna tahowa. Duk sun sunkuya suna tuƙi da ƙarfinsu, kamar an kira su. Na yi ihu, na ɗaga hannu biyu ina cewa su koma, amma wa zai ji? Na uku ya taso a bayansu ya ɗaga wutsiyar jirgin sama, na ga cikinsa gaba ɗaya, na ga Seto a gaba ya waiwaya. Daga nan sai farin kumfa.

Baba yana ta jan zanena yana cewa, "Mene ne? Esinam, me ake yi wa ihu? Ai ban ɗaga ba!" Duk wanda ke wurin ya ji shi, duk wanda ke wurin ya ga yana tambayar abin da ke faruwa a gaban idonsa. Asirin da muka ɓoye ya fita ke nan, kuma ba wanda ya ko kula.

Maza suka faɗa ruwa, aka riƙa jawo su ɗaya-ɗaya. Dogbe ya karye a haƙarƙari, biyu sun fasa kai. Ina tsaye ina duba fuskar duk wanda aka fito da shi, har aka daina fitowa da kowa.

An dakatar da kamun kifi, ba tarun da zai shiga ruwa sai an ga Seto. Mutane sun bi gaɓa gabas da yamma. Wasu na cewa Seto gwanin iyo ne, wataƙila ruwa ya ja shi can gaba ya fita wani ƙauye. Ina riƙe da wannan maganar da hannu biyu. Yara suna tambaya, na ce ya bi jirgin wasu.

Baba bai ci komai ba, ya juya fuska bango. Ni kuma tambaya ɗaya ke cina. Me ya sa suka taho? Shekara talatin ba a taɓa tuƙowa ba a ga ƙyalle ba. Na tambayi uku daga cikinsu, kowa sai ya sunkuyar da kai ya ce in yi haƙuri.

Ka zo, Yaya. Ba ni da sauran abin da zan roƙe ka da shi.

Esinam

*

Tsikope
12 ga Agusta, 1978

Agbeko ɗan Amuzu,

Ina gaishe ka. Dogbe ne. Malamin coci ke rubuta mini, ni ina kwance, in na ja numfashi kamar ana soka mini wuƙa. Don haka ba zan yi dogon zance ba, ka san dama ban iya ba.

Ka ji abin da ya faru. Abin da ba ka ji ba shi zan gaya maka, don ya fi ƙarfin cikina.

Mun san Baba ba ya gani. Tun makon farko muka sani. Seto ne ya fara lura. Muna jira a bayan ruwa ya ce, "Ku dubi matata. In ta sauke daro, tsoho zai ɗaga." Muka duba, haka ne. Washegari ma haka. Ya ce, "Kun gani? Ni na auri idon garin nan." Muka yi ta yi masa tsiya, yana ta washe baki.

Ni ne babba a jirgin, ni ya kamata in je wurin dattawa. Na ce a'a. Wa zai tozarta Amuzu? Shi ya fito da ubana daga ruwa, shi ya fito da ni shekara ashirin da suka wuce. Muka yi alkawari mu goma sha ɗaya, ba mai faɗa, ko ita kada ta san mun sani, don kada hannunta ya yi rawa.

Ga inda muka yi wauta. Tsakanin saukar daro da ɗaga ƙyalle akwai ɗan jinkiri, numfashi guda, kuma ka san abin da numfashi guda yake a wurin nan. Sai muka daina jiran ƙyalle. Daro na sauka muke tuƙi. Seto ya je Denu ya sayo mai ƙyalli don mu riƙa hango shi da kyau. Kwana ashirin muna haka, ba mu taɓa shigowa da daɗi irin na bana ba.

Shekaranjiya na ga ƙyallin daron ya yi ƙasa. Ban nemi ƙyalle ba, na ce, "Mu je!" Bakina ne ya faɗa. Jikina ya ji ruwan bai yi daidai ba, amma na fi yarda da ita a kan jikina.

Esinam tana bin mutane tana tambayar abin da ya sa muka taho. Ba mai iya gaya mata. Ba laifinta ba ne, ubanta ta tare, kowa haka zai yi. Amma in ta ji, ba haka za ta ɗauka ba. Kai ne mai ilimi, ka zo ka san yadda za ka faɗa mata. Kuma da ka zo tun farko ka karɓi abin gidanku, da duk ba mu yi wannan ɓoye-ɓoyen ba. Na faɗa, in ka ji haushi ka ji.

Sai ka zo.

Dogbe

*

Kumasi
14 ga Agusta, 1978

Esinam ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina gai da Baba. Takardarki ta same ni. Ina tahowa ranar Laraba da motar farko, ban nemi izinin kowa ba.

Maganar shugabanmu da na rubuta miki gaskiya ce, amma ba ita ta hana ni zuwa ba. Tsoron tekun nan nake yi tun ina yaro, tsoron kada a miƙo mini ƙyallen a ce in tsaya. Na bar ki kika tsaya a madadina. Ki yafe mini in za ki iya.

Akwai maganar da za mu yi, sai na zo. Kafin nan kada ki ƙara tambayar kowa komai. Ki ci abinci ko kaɗan ne, saboda yara.

Allah ya bayyana mana shi da rai.

Yayanki,
Agbeko

*

Tsikope
Laraba da safe

Yaya,

Sannu da hanya. Na bar wannan takarda a wurin maƙwabciya, yara ma suna wurinta.

Kada ka wahalar da kanka neman yadda za ka faɗa mini. Matar Dogbe ta gaya mini jiya. Na ji.

An aiko daga wani ƙauye gaba da Aflao, tarunsu ya fito da mutum. Sun ce fuskar ba ta ganuwa, a zo a duba kafin azahar, don ba za su iya ajiye shi ba. Baba ya tashi ya sa riga, ya ce zai raka ni, wai shi da hannu zai duba. Ban hana shi ba, ba zan iya zuwa ni kaɗai ba.

Ka yi addu'a kada ya zama shi ne. Na san in ba shi ba ne, mijin wata ne. Duk da haka ka yi.

Sai mun dawo.

Ƙanwarka,
Esinam